Wata 4 kenan kamfanin inshora na ja min rai kan motata, in haƙura ne ko yaya zanyi?

Ga saƙon da wani ɗan'uwa ya turo, na ɗan taƙaita shi:

"Assalamu alaikum Yaya, dan Allah shawara nake nema. Wata 4 kenan da wani ya bugo min mota ta baya ina tsaye a danja, but da bamba da fitilun baya duk sun tashi daga aiki, makanike yace har shasin ya ɗan lanƙwashe. Cikakkiyar inshora nake da ita ba tad fati ba (wadda ke biyan ɓarnar da ka yiwa wani kaɗai), kuma ban taɓa fashin biya ba. A satin na kai musu rahoto, na kai takardar 'yan sanda da hotuna, amma har yau in na kira sai ace ana kan dubawa, wanda na fara magana dashi ma ance an canza masa wajen aiki. Motar na nan a gareji, mai garejin ya fara cewa zai caje ni kuɗin ajiya, gashi da ita nake zuwa aiki in kai yara makaranta. Satin da ya wuce wani ya kira ni daga ofishin yace in na yarda da wani kuɗi da bai ma kai rabin abinda makanike ya ƙiyasta ba, za'a biya ni cikin satin nan, in zo in sa hannu kawai. Abokina yace in ɗan ga jami'in da wani abu fayil ɗin zai motsa, matata kuma tace in ranci kuɗi in gyara in barsu da Allah. Wuyana ma har yanzu yana min ciwo tun ranar. Wallahi na gaji."

Wa alaikumus salam ƙanena. Sannu, Allah ya ƙara tsarewa, Allah ya baka lafiya. Na karanta saƙonka har ƙarshe kuma abinda ya fi tsaya min a rai ba motar bace, wuyan nan ne da ka sako a layin ƙarshe kamar ba komai ba. Ciwon wuya bayan an bugo mutum ta baya sanannen abu ne, kan mutum ne yake fizguwa baya ya dawo gaba da ƙarfi a lokacin bugun, wani lokacin ma ciwon baya tashi sai bayan kwana ɗaya ko biyu, to in wata 4 ya wuce yana nan dan Allah ka je asibiti likita ya duba ka tun kafin duk wata maganar inshora. Ka gaya masa ranar da abin ya faru da yadda ya faru ya rubuta a katinka, ka ajiye rasit na magani da na hoto in an ɗauka. Lafiyarka ce a gaba, sannan kuma takardar likitan nan zata yi maka amfani a wani waje da zan zo kansa.

Sai magana ta biyu, kar ka sa hannu a takardar nan. Kar ka je ma da niyyar sawa. Takardar da ake kiran mutum ya sa wa hannu lokacin biya yawanci takardar sallama ce, a cikinta ake rubuta cewa ka karɓi wannan kuɗin a matsayin cikakken biya na ƙarshe kuma baka da sauran haƙƙi akan wannan hatsarin, da zarar ka sa hannu ka karɓa shikenan an rufe fayil, in makanike ya buɗe motar gobe ya tarar da ɓarnar da ba'a gani ba babu inda zaka koma, ko kotu ka je da takardar nan za'a fara tarbarka. Kuma ka lura da yadda tayin ya zo, bayan wata 4 ana maka shiru, ta waya, babu komai a rubuce, ance kuɗi kaɗan amma cikin satin nan. Ni bazan ce maka da gangan aka gajiyar da kai ba dan ban shiga zuciyar kowa ba, amma ko da gangan ne ko ba da gangan ba sakamakon ɗaya ne, mutumin da ya gaji shi yake karɓar rabi. Kamfanin inshora yana tara kuɗin da masu mota ke biya ya juya su a hannun jari kafin lokacin biyan diyya yazo, kaga kenan shi jinkiri baya masa ciwo, kai yake yiwa ciwo da kake biyan kuɗin mota safe da yamma kana neman wanda zai kai maka yara. Abinda zaka ce wa wanda ya kira ka kawai shine, na gode, a turo min tayin a rubuce tare da lissafin yadda aka kai ga wannan adadin, kaya nawa, aiki nawa, me aka cire kuma saboda me. In tayin na gaskiya ne rubuta shi bazai gagare su ba.

Yanzu bari in faɗa maka inda nake ganin matsalar take. Duk cikin saƙonka "na kira" nake gani, "sai ace", "ance". Wata 4 kana magana da su amma in yau aka ce ka kawo shaidar cewa ka bi sawun maganarka ko sau ɗaya, me zaka nuna? Kiran waya baya shiga fayil sai in wanda ya ɗauka yaga dama ya rubuta, kuma gashi wanda ya san maganarka an ɗauke shi, wanda ya gaje shi ya tarar da tulin fayiloli a tebur, wanne kake ganin zai fara ɗauka? Wanda yake da wasiƙa a samansa mai kwanan wata, wadda manajansa ma ya gani, ita zai fara ɗauka, saboda ita ce zata iya jawo masa tambaya. Dan haka daga yau ka mayar da komai rubutu. Ban ce ka daina kira ba, ka kira, amma duk kiran da kayi ka tambayi sunan wanda kake magana dashi, ka rubuta rana da lokaci da abinda ya faɗa a littafi ɗaya da ka ware dan wannan maganar, sannan kana ajiye waya ka tura musu imel kace kamar yadda muka yi magana yau da wane, ya shaida min kaza da kaza, in ba haka bane a gyara min. Wannan ɗan gajeren imel ɗin ya mayar da maganar baka ta zama shaida. In takarda ka kai da hannu kayi kwafi biyu, su buga maka hatimi da kwanan wata akan naka kwafin, kuma kar ka taɓa basu asalin wata takarda ba tare da ka riƙe kwafinta ba, har hotunan ka ajiye su a waje biyu dan waya tana ɓata.

Kalmar nan "ana kan dubawa" ba amsa bace, dan neman diyya matakai ne kuma a ɗaya daga cikinsu naka ya maƙale. Da farko a buɗe fayil a baka lamba, in baka da lambar fayil ɗinka to ita zaka fara nema dan da ita ake gane ka ba da sunanka ba. Sai a duba ko inshorarka tana aiki ranar da abin ya faru, ko ka biya, ko wanda ke tuƙi yana da lasisi, ko abinda ake yi da motar ya dace da abinda ka faɗa musu lokacin da ka yanki inshorar. Sai a turo mai kimanta ɓarna yaga motar da idonsa ya rubuta rahoto. Sai a kwatanta rahotonsa da ƙiyasin makanikenka, sai wani babba ya amince, sai a tura sashen kuɗi. Baka gaya min ko mai kimanta ɓarnar yazo yaga motar ba, kuma wannan ita ce tambayar da tafi kowacce nauyi a maganarka, dan in bai zo ba to adadin da aka faɗa maka a waya daga ina ya fito? In kuma yazo, ka nemi kwafin rahotonsa, ko aƙalla jerin kayan da ya amince a canza da kuɗin da ya sa wa kowanne.

Ga irin abinda zaka rubuta musu, ba sai ka tsawaita ba kuma ba zagi, ba barazana, ba labarin wahalar da kake sha shafi uku. Ka sa sunanka, lambar inshorarka, lambar fayil, lambar mota da ranar hatsari a sama. Sai kace, na kawo rahoto ranar kaza, na kawo takardu kaza da kaza ranar kaza, har yau ban samu matsaya a rubuce ba. Ina neman a sanar dani a rubuce wane mataki fayil ɗina yake, wa yake riƙe dashi yanzu, akwai wata takarda da ake jira daga wajena, in akwai a lissafo min su duka lokaci guda, kuma wace rana za'a yanke hukunci. Ina jiran amsa cikin kwana 14, in ban samu ba zan shigar da ƙorafi a sashen ƙorafinku sannan in wuce hukumar da ke sa ido akan kamfanonin inshora. Shikenan. Maganar "duka lokaci guda" ɗin nan kar ka manta da ita, dan ɗaya daga cikin hanyoyin da fayil ke tsufa shine yau ace kawo lasisi, bayan sati biyu ace kawo takardun mota, bayan wata ace hoton bai fito sosai ba, kowace buƙata ta mayar da kai farkon layi. Ka tura wa jami'in, ka sa shugaban sashen diyya a kwafi, in ta hannun ejan ko dillali ka yanki inshorar shima ka sa shi, dan ya ci kamasho akanka kuma bin sawun diyya yana cikin aikinsa, dillali mai kawo wa kamfani kwastomomi da yawa in ya ɗaga waya ana jinsa fiye da yadda ake jinka.

Kafin ka tura ka zauna ka karanta takardar yarjejeniyar inshorar taka daga farko har ƙarshe, nasan tana da gundura da ƙananan rubutu amma a cikinta haƙƙinka yake. Abubuwan da zaka nema, nawa aka rubuta darajar motar, nawa ne kason da kai zaka ɗauka da kanka a duk hatsari kafin su su biya sauran, akwai ragin tsufa da suke yi akan kayan gyara ko babu, sun yarda ka kai garejin da kake so ko sai nasu, suna biyan kuɗin janwe da na ajiya, suna bada motar aro kafin a gama gyara, kuma in an samu saɓani akan adadin kuɗi wace hanya aka rubuta za'a bi. Da yawa daga cikin yarjejeniyoyin nan suna da sakin layin da yace in ba'a daidaita akan kuɗi ba kowane ɓangare ya kawo mai kimantawa nasa ko a je gaban mai sulhu. Zan faɗa maka gaskiya ko da bazata maka daɗi ba, mai yiwuwa wani ɓangare na ragin da suka yi yana bisa ƙa'ida, kason da ke kanka dole a cire shi, haka in ka rubuta darajar motar ƙasa da ainihin kuɗinta dan biyan shekara ya yi maka sauƙi, wasu yarjejeniyoyin suna basu damar rage diyyar daidai gwargwadon abinda ka rage. Kuma ba duk ƙiyasin makanike ne nassi ba, wani yana ɗorawa in yaji ance inshora ce zata biya. Shi yasa nake so ka samo ƙiyasi na biyu daga wani garejin da aka sani, a rubuce, kowane kaya da kuɗinsa, kuɗin aiki daban, kuɗin fenti daban. In ƙiyasi biyu sun zo kusa da juna kuma tayin kamfani bai kai rabinsu ba, to su ne zasu yi bayani ba kai ba.

Maganar shasi kuma kar a wuce ta da sauri. Bamba da fitila kaya ne, a cire a sa wasu, amma shasin da ya lanƙwashe shi ne ƙashin motar, in ba'a miƙar dashi akan na'ura yadda ya kamata ba zakaga mota tana ja gefe, taya tana cinyewa ta gefe ɗaya, ƙofofi basa rufuwa daidai, kuma in Allah ya kiyaye aka sake bugunta bazata kare na ciki yadda aka ƙera ta ba, gashi yara kake ɗauka a kujerar baya. Ka tabbata an auna shi an rubuta a rahoto. In kuɗin gyaran ya kusa darajar motar kamfani zai iya cewa ta tashi daga aiki ya biya ka kuɗinta gaba ɗaya, a nan kuma abinda yawanci ake biya shine abinda irinta take yi a kasuwa ranar hatsarin, ba abinda ka saye ta ba, sai dai in kun yi yarjejeniya akan wani adadi tun farko. In aka zo nan ka tara tallan motoci irin taka, shekara ɗaya, tafiyar da suka yi kusan ɗaya, ka haɗa da rasit na sabis da na duk abinda ka sabunta a jikinta, da su zaka yi ciniki.

Akwai wani dalili da suke yawan bayarwa, wai muna jiran kamfanin wanda ya buge ka ya amsa laifi. Kar ka karɓi wannan. Kai cikakkiyar inshora ka yanka, yarjejeniyarka tsakaninka da kamfaninka ce, sun ɗauki alkawarin gyara maka mota ko wane ne da laifi, in sun biya ka su suke da damar bin wancan kamfanin su karɓo kuɗinsu, wannan rigimarsu ce tsakaninsu ba taka ba. Kuma a kusan ko'ina wanda ya bugi motar da ke tsaye ta baya shi ake fara ɗora wa laifi, gashi kana da takardar 'yan sanda. A ɗaya ɓangaren kuma kar ka manta da shi wanda ya buge ka ɗin, dan akwai asarar da inshorarka bata ɗauka ba, kason da za'a cire maka, kuɗin motar da kake biya kullum tun ranar, kuɗin asibiti da ciwon wuyan nan, a mafi yawan ƙasashe waɗannan kan mai laifi da inshorarsa suke komawa, dalilin da yasa doka ta tilasta tad fati kenan tun asali. Ba za'a biya ka ɓarna ɗaya sau biyu ba, amma abinda wannan bai biya ba kana iya nema a wancan. To nan takardar likita da rasit ɗin zasu yi aiki, kuma nan ne nake ƙara ja maka kunne akan sa hannu, duk takardar da aka miƙo maka ka duba ko ta haɗa da rauni a jiki, kar ka sallamar da maganar wuya akan kuɗin bamba tun likita bai faɗa maka inda ciwon zai tsaya ba.

Shawarar abokinka kam a'a, ko kusa. Cin hanci ne ko da wane suna aka kira shi, haramun ne kuma laifi ne, sannan ko ta fuskar dabara ma asara ce, yanzu kai ne mai gaskiya a maganar nan hannunka tsaf, ranar da ka miƙa wani abu ka zama abokin laifi, bazaka iya kai ƙara ko'ina ba dan kana tsoron abinda zai fito, shi kuma wanda ya karɓa ya gane kana bayarwa gobe ma zai nema. Haka in wani yace ku ɗora ɓarnar da babu ko ku sa tsohon lahani cikin na hatsarin kar ka yarda, inshora akan faɗin gaskiya aka gina ta, ƙarya ɗaya in aka kama tana iya rushe duk diyyar har da ɓangaren da yake halal ɗinka.

Maganar mai ɗakinka kuma na fahimce ta, tausayinka take ji, tana ganin yadda abin ke cinka kullum, ka gode mata. Amma barin mutum da Allah baya hana ka nemi haƙƙinka, wannan ba kyauta kake roƙo ba, kuɗinka ka biya shekara da shekaru saboda rana irin wannan, haƙƙin iyalinka ne ma ba naka kai kaɗai ba. Kuma akwai haɗari a gyaran, in ka gyara kafin mai kimantawarsu ya gani ka goge shaidarka da hannunka, sai su ce basu ga ɓarnar ba ko basu bada izini ba. In ya riga ya gani kuma dole ta sa sai ka gyara saboda aiki da makarantar yara, to ka fara rubuta musu cewa saboda jinkirinku zan gyara motar daga rana kaza, ga garejin, kuna da kwana 7 ku zo ku sake dubawa, kuma gyaran baya nufin na janye neman diyyata. Ka ɗauki hoto da bidiyo kafin a taɓa, da lokacin da aka kwance, da bayan an gama, tsofaffin kayan da aka cire kar a zubar ka ajiye su, kowane kaya da rasit ɗinsa. Rancen ma ka yi hattara da shi, kar ka ɗauko bashin da zai riƙa hauhawa kana dogara da kuɗin da baka san ranar zuwansu ba.

Kuɗin ajiyar gareji shima ka sa shi cikin wasiƙar yau ɗin nan, kace mai gareji zai fara cajin kaza a kullum daga rana kaza, ko ku ɗauki nauyi ko ku bani izini a rubuce in ɗauke motar. Dalili kuwa, wanda aka yiwa ɓarna ana sa ran ya yi ƙoƙarin hana asarar ƙaruwa, in ka yi shiru kuɗin ya taru zasu ce kai ka bari. Ka je ka samu mai garejin ku yi magana ta fahimta, ka nuna masa wasiƙar, in aikin zai dawo hannunsa sau da yawa zai ɗaga maka ƙafa.

To in kwana 14 sun cika shiru fa? Sai ka hau mataki na gaba kamar yadda ka faɗa, kar ka ƙara musu wani wa'adin, dan wa'adin da aka saɓa ba'a ga komai ba ya zama wasa. Ka rubuta wa sashen ƙorafi na kamfanin ka sa kalmar ƙorafi ɓaro-ɓaro a kan wasiƙar, dan a ƙasashe da yawa daga ranar ne agogo yake fara bugawa a kansu. Baka gaya min ƙasar da kake ba, amma kusan kowace ƙasa tana da hukumar da ke ba kamfanonin inshora lasisi kuma tana karɓar ƙorafin jama'a, a Najeriya NAICOM ce, a Ghana NIC, a Nijar da sauran ƙasashen da ke bin tsarin CIMA, wato haɗakar wasu ƙasashen Afirka akan harkar inshora, akwai sashen inshora na gwamnati da dokar bai ɗaya da suke aiki da ita. Kuma dan ka san cewa wata 4 ba ƙaramin lokaci bane a wannan harkar, a jihar Kalifoniya ta Amurka doka ta ba kamfani kwana 15 ya amsa cewa ya samu buƙatarka, kwana 40 ya karɓa ko ya ƙi bayan ka kawo hujjoji, kwana 30 ya biya in ya karɓa. A ƙasashen Tarayyar Turai kamfanin wanda ya yi laifi yana da wata 3 ya kawo tayi ko ya bada amsa mai dalili. A Ingila in ka shigar da ƙorafi kamfani sati 8 gare shi ya baka amsar ƙarshe, in bai bayar ba ko bata gamsar da kai ba sai ka wuce ofishin mai sasanta rigingimun kuɗi, kyauta ne, kuma in ka yarda da hukuncinsa dole kamfani ya bi. Ka binciki naku wa'adin a shafin hukumar ƙasarka ka ambace shi a wasiƙar, kamfani yana canza murya in ya gane wanda yake magana dashi ya san wa'adi kuma ya san inda zai kai ƙara. Ko takaful ce ka yanka, wato inshorar da ke bin tsarin Musulunci, duk wannan hanyar ɗaya ce, hukuma ɗaya ke kula dasu.

Lokacin da zaka kai wa hukuma ka sauƙaƙa wa wanda zai karanta, shafi ɗaya da ya jero abinda ya faru da kwanan wata bi da bi, sai kwafin takardun a baya da lamba, sai layi ɗaya da ya faɗi abinda kake nema, a biya kaza, ko a bada izinin gyara, haɗe da kuɗin ajiya da na zirga-zirgar da jinkirin ya jawo maka. Wannan littafin da nace ka ware shi zai rubuta maka shafin nan.

Wasu zasu ce ka hau Facebook ko X ka fallasa su. Wani lokacin yana sa a kira mutum da sauri, bazan musa ba, amma ni ban so ka fara da nan, in kuma zaka yi ka tsaya akan abinda kake da shaidarsa, kwanan wata da abinda ya faru, kar ka kira kowa ɓarawo, kar ka sa sunan ma'aikaci ko hotonsa, dan kar maganar diyya ta rikiɗe ta koma ƙarar ɓata suna kai ne a ƙasa.

Lauya fa? Akan maganar motar kaɗai ka fara gwada hanyoyin nan tukuna dan basa cin kuɗi, amma in likita yace ciwon wuyan mai daɗewa ne, ko kamfani ya ƙi biya gaba ɗaya, ko suka fara zarginka da ƙarya, to ka nemi lauyan da ya saba da shari'ar inshora, ku yi maganar kuɗin aikinsa a rubuce tun farko. Ko baka ɗauke shi ba ka biya zama ɗaya ka tambaye shi abu biyu, ya karanta maka takardar sallamar nan kafin ka taɓa ta, sannan ya faɗa maka wa'adin shigar da ƙara a ƙasarku, dan kowace ƙasa tana da shi kuma baya tsayawa dan kuna ta waya da kamfani, a Ingila misali shekara 3 ne akan rauni, shekara 6 akan ɓarnar dukiya, wasu wuraren ya fi haka gajarta sosai, wata yarjejeniyar ma tana da nata wa'adin a ciki in an ƙi biyanka.

Abu ɗaya da ya rage, kar fushi ya sa ka daina biyan inshorar ko ka bari ta ƙare ba tare da ka duba sharuɗɗan ba, in kashi-kashi kake biya kuma ka tsaya ka basu hujjar da basu da ita a da. In zaka canza kamfani ka bari a gama wannan tukuna.

A satin nan ka je asibiti, ka karanta yarjejeniyar, ka tura wasiƙar, ka nemo ƙiyasi na biyu. In amsarsu tazo, ko tayin yazo a rubuce, ka turo min lissafin ba tare da sunanka ko lambobinka ba mu duba shi tare kafin ka basu amsa. Allah ya baka lafiya, ka gaida iyali da yaran.